Kamfanin hostin zai ɗaga MySQL daga 5.7 zuwa 8.0, don Allah ya zan yi kada shafin makaranta ya tsaya?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya da dare imel ya shigo min daga kamfanin da nake hostin wai nan da sati biyu za su ɗaga MySQL na sabarsu, wato manhajar databes da ke adana bayanan shafuka, daga 5.7 zuwa 8.0, kowa ya duba kayansa. To ni akwai shafin wata makaranta da nake kula da shi, nan ake shigar da makin ɗalibai a fitar da sakamako, ba ni na rubuta shi ba wani ne ya rubuta da yaren PHP shekaru da suka wuce ya tafi ya bar min, kuma satin da za su yi aikin shi ne satin fitar da sakamako. Wallahi hankalina ya tashi. Na duba cPanel, shafin da nake sarrafa hostin, ban ga inda zan danna in ce a bar ni a 5.7 ba alhali PHP ina iya zaɓar wadda nake so. Akwai yadda zan yi su ƙyale ni? Ko in tattara in koma wani kamfanin?

Admin:
Wa alaikumus salam Malam. Maganar a bar ka a 5.7 ka cire ta a rai. PHP ana iya girka kala-kala a saba ɗaya kowa ya ɗauki tasa, amma MySQL yawanci guda ɗaya ce ke gudana, duk masu haya a sabar nan ita suke amfani da ita, kai ɗaki ɗaya ka kama a gidan. Kuma kamfanin ba su yi laifi ba, Oracle ta daina fitar wa 5.7 gyaran tsaro tun Oktoban 2023, ita kuwa 8.0 tun 2018 ta fito. In ka gudu wani kamfanin da ke kan 5.7 gobe irin wannan imel ɗin zai same ka a can.

Wani memba:
Ka sayi VPS kawai, wato sabar haya taka kai kaɗai, ka huta, kai ne da root wato cikakken iko, abin da ka ga dama ka saka.

Admin:
Ƙanina a sati biyu, ga sakamakon ɗalibai a gaba, mutum bai taɓa riƙe saba ba? VPS kai ne mai gadi kai ne mai gyara, in ta faɗi tsakar dare babu wanda zai tayar maka. Wata rana ya koya, ba yanzu ba.

Wata memba:
Malam yau ɗin nan kafin komai ka shiga phpMyAdmin, wurin sarrafa databes a cPanel, ka yi Export na databes ɗin gaba ɗaya, ka sauke fayil ɗin .sql a laftof ɗinka, ka kuma ajiye kwafi a wani wajen daban. Kada ka dogara da bakof na kamfani, domin in an ɗaga zuwa 8.0 babu komawa 5.7 da fayilolin sabar, MySQL da kansu ba su goyon bayan hakan. Sannan ka girka 8.0 a laftof ka loda fayil ɗin ka kunna shafin ka bi kowane lungu, shiga, shigar da maki, buga sakamako, duka. Amma ka kula, XAMPP na yanzu, manhajar da ake gwada shafi da ita a laftof, MariaDB ce a cikinsa ba MySQL ba, dangi ne tun da daga jikin MySQL aka cire ta a 2009 amma sun raba hanya, abin da zai fashe a 8.0 yana iya wucewa lafiya lau a can kai kuma ka kwanta kana murna. Ka sauke MySQL 8.0 ɗin ainihi. In kana shakka ka rubuta SELECT VERSION(). Zai gaya maka wa kake magana da shi.

Wani memba kuma:
Ƙari a kan na Malama, ka duba PHP ɗinka. 8.0 ta canja yadda take tantance kalmar sirri zuwa caching_sha2_password, PHP ɗin da ke ƙasa da 7.4 yana iya kasa haɗuwa da ita, sai ka ga shafi ya ce ba zai iya shiga databes ba alhali fasawod daidai take. Ka tambayi kamfanin ko tsofaffin yuza za su ci gaba da tsohuwar hanyar, mysql_native_password. In kuma lambar shafin mysql_query() take amfani da shi, to wannan tun PHP 7.0 aka cire shi, aikinka ya ƙaru sai ka mayar mysqli ko PDO, hanyoyin haɗa PHP da databes da suka maye gurbinsa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na yi yadda kuka ce. PHP 7.4 nake kai kuma mysqli ne, nan Alhamdulillahi. Fayil ya lodu babu matsala, shiga ya yi, shigar da maki ya yi, ina danna shafin sakamako sai fari fat, na kunna nuna kuskure sai ga kuskure mai lamba 1064 wai akwai matsala kusa da 'rank FROM results'. Layin nan shekara da shekaru yake aiki ban taɓa shi ba, me ya same shi?

Wata memba:
Kai madalla da ka gani a laftof ba ranar sakamako ba. RANK a 8.0 ta zama kalmar da MySQL ta keɓe wa kanta saboda sabbin ayyukan jera matsayi da aka ƙara, haka GROUPS da ROW_NUMBER. Wanda ya rubuta shafin ya sa wa kolom ɗin matsayin ɗalibi suna rank. Ba sai ka canja sunan ba, ka sa shi tsakanin wannan alamar `rank` wadda ke ƙasan Esc a kibod, ba alamar buɗe magana (') ba, duk inda ya fito a cikin SQL. Ka bincika fayilolin duka ba wannan kaɗai ba. Gyaran yana aiki a 5.7 ɗin ma, saboda haka ka ɗora shi tun yanzu.

Admin:
Abu ɗaya kuma, ka buɗe sunan wani ɗalibi mai ƙ ko ɗ ka gani. 5.7 tsarin haruffa na latin1 ne asalinta, 8.0 kuwa utf8mb4, tsofaffin tebura ba sa canjawa da kansu amma sababbin databes za su zo da sabon tsari, nan ne ake ganin haruffa sun koma alamar tambaya ko shirme. In sun fito daidai kada ka taɓa komai sai an gama sakamako.

Mai tambaya:
Wuri 7 na samu rank a fayil 3, na gyara duka, sakamako ya fito har da na bugawa. Sunaye ma lafiya. Na tura wa kamfanin tikit su faɗa min rana da awa da za su yi aikin don in sake ɗaukar bakof daren ranar, in gaya wa malamai su dakata da shigar da maki. Yallabai Admin, na ga ana maganar 8.4, ita ma haka zan sha?

Admin:
Ita ce mai dogon tallafi, ta fito 2024, ita kuwa 8.0 wa'adinta Afrilun 2026. A 8.4 mysql_native_password a kashe take zuwa, to ka bar MySQL ɗin nan a laftof kada ka goge, in imel ɗin ya sake zuwa ka gwada tun ranar.