Ƙarar Masana'antu a Bakin Iyakar Birane Biyu

A zaman da muka yi kan ƙarar masana'antu, wurin aunawa ne ya fi cin lokaci. Wani birni yakan auna a jikin katangar kamfani, maƙwabcinsa kuma a tagar gidan da ya fi kusa. Bambancin ba kaɗan ba ne, domin a buɗaɗɗen fili, duk sanda tazara ta ninka, ƙarar inji kan ragu da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Shi ya sa aka ba da shawarar biranen su fara amincewa da wuri ɗaya da na'ura iri ɗaya kafin su ja daga kan adadi. Ni ma nan na fi karkata.

Kowa ya yarda dare ya samu tasa ƙa'idar. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa Turai a 2009 ta sa desibel 40 a matsayin iyakar ƙarar dare a wajen gida.

Abin da ya fi damuna shi ne gurnanin janareta da manyan fankoki, mai ratsa bango ya hana barci alhali na'ura na nuna adadi kaɗan. Aka ce mazauna su riƙa rubuta rana da lokaci, su kai ƙorafi birnin da ya ba kamfanin lasisi.