Neman kalma: me za mu kira "interval" a darasin jita?

Mai Koyar da Jita:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da darasin da zan naɗa ranar Asabar, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Darasin kan yadda mai koyon jita zai saba wa kunnensa ne, har ya kai idan ya ji sauti biyu ya gane nisan da ke tsakaninsu ba tare da ya dubi yatsunsa ba. Wannan nisan shi ne interval. Misali, ka kaɗa tsirkiya ta biyar a sake, wato sautin da ake kira A, sannan ka danne ta a gurbi na 7 (gurbi shi ne kowane ɗaya daga cikin rabe-raben wuyan jita) ka sake kaɗawa. Abin da kunne ya ji tsakanin biyun nan nake nema wa suna. Na gwada "tazara" da ɗalibaina, duk suka ɗauka shirun da ke tsakanin bugu da bugu nake nufi. Ɗaya ma ya kaɗa, ya dakata yana kallona, ya sake kaɗa wuri guda.

Mai Fassara:
Wa alaikumus salam. Malam, ɗalibanka ba su yi laifi ba. Tazara ta riga ta karkata wajen lokaci a bakin mutane, dubi tazarar haihuwa. Gwada "rata". In aka ce wane ya ba wane rata, ba mai tunanin agogo. Ratar sauti.

Malamar Nahawu:
Na goyi bayan rata. Kuma Malam, ka fara daga abin da yaran suka sani. Kunnen da ke bambanta "kai" na mutum da "kai" na jiki ya daɗe yana jin hawa da saukar murya. Mu a darasin karin sauti muna cewa sama, ƙasa, faɗau. Abin da za ka ƙara musu shi ne awo: ya hau, to, da nawa? Shi kuwa horon kansa, ni "wasa kunne" zan ce, kamar yadda ake wasa ƙwaƙwalwa.

Mai Son Ƙirƙira:
Ratar sauti ta yi tsawo. A darasi ɗaya sai ka faɗe ta sau hamsin. Ga tawa: ratamo, daga rata da amo. Gaɓa uku, tana da daɗin faɗa, jam'inta ratamomi. Na daɗe ina amfani da ita a rubuce-rubucena.

Malamar Nahawu:
Ɗan'uwa, amo ƙara ne da amsa-kuwwa. Ganga tana da amo, tsawa ma tana da shi. Ba ya nuna sama ko ƙasa. Kuma wanda ya ji "ratamo" karon farko ba zai iya warware ta da kansa ba.

Mai Son Ƙirƙira:
Malama, wace kalma ce aka haifa da fassararta a goshi? Haka ake kashe duk wata sabuwar kalma tun tana jaririya, daga baya a dawo ana kukan Hausa ba ta da kalmomin ilimi.

Ɗalibin Larabci:
Me ya kai mu ƙirƙira alhali akwai kalmar da ta shekara fiye da dubu tana wannan aiki? Masana kiɗa na Larabci suna cewa bu'ud, jam'i ab'ad. Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, da ita ya yi bayaninsa. Mu ce "bu'udi", kamar yadda muka karɓi nahawu da hisabi.

Ɗan Sitidiyo:
Ku yi haƙuri manya, amma yaron nan yana gama darasin Malam YouTube zai shiga, kuma can "intabal" zai ji. A bar masa intabal kawai. Jitar kanta ai aro ce.

Mai Son Ƙirƙira:
Ga irinta nan. Ɗaya ya nufi gabas, ɗaya ya nufi yamma, harshenmu na tsaye a tsakiya kamar maraya. Wallahi abin nan yana yi mini ciwo.

Ɗalibin Larabci:
Kar ka haɗa aron Larabci da na Turanci. Ba matsayinsu ɗaya ba.

Mai Fassara:
A wajen yaron da ke riƙe da jita, duk wadda bai gane ba baƙuwa ce. Ita interval ɗin ma asalinta Latin ne, ma'anarta fili tsakanin ganuwa da ganuwa. Kalmar wuri ce aka mayar ta kiɗa, bu'ud ma nisa take nufi. Abin da muke son yi da rata ke nan.

Mai Koyar da Jita:
Na gode duka, amma a dawo da ni kan Asabar. Ko na ɗauki rata, akwai sauran aiki, domin kowace rata da sunanta, kuma nan ne ɗalibai ke rikicewa. A jita kowane gurbi rabin taki ne, wato mafi ƙanƙantar rata. Gurbi 12 ya kai ka rabin tsawon tsirkiya, sautin ya koma na farko amma a sama: A ɗin da ke kaɗawa sau 110 a daƙiƙa ya zama 220. Wannan ba wuya. Matsalar ita ce mai gurbi 7 sunanta "ta biyar", saboda sunayen sauti ake ƙirgawa, do re mi fa so, har da wanda aka taso daga kansa. Mai gurbi 5 kuma "ta huɗu" ce, ita ce tsakanin kowace tsirkiya da maƙwabciyarta, in ban da tsirkiyar G zuwa ta B, inda gurbi 4 ne. In na ce wa yaro "ta biyar", yatsansa gurbi na 5 yake tafiya.

Abin da na fi so su kama shi ne bambancin gurbi 3 da gurbi 4. Gurbi ɗaya tak, amma shi ke sa haɗin sauti ya fito da fara'a ko ya fito da sanyin jiki. Nakan juya musu baya in kaɗa, su rera da bakinsu kafin su nemo a jita. Wanda ya iya rerawa, yatsansa ba ya ɓata.

Malamar Nahawu:
To a darasin farko kira su da gurbinsu: rata mai gurbi uku, mai gurbi huɗu, mai gurbi bakwai. Mai 12 kuwa ka ce "cikakken zagaye". Sai kunne ya zauna sannan ka kawo ƙaramar ta uku (mai gurbi uku) da babbar ta uku (mai gurbi huɗu).

Ɗan Sitidiyo:
Na yarda, amma Malam ka ambaci intabal ko sau ɗaya ne a farko, don su gane ta in sun ci karo da ita. Wasa kunne kuma a rubuce za a karanta shi kamar wasan yara.

Malamar Nahawu:
Wannan gaskiya ne. A baki ba matsala, karin sauti ya raba su. A taken darasin sai a rubuta "horar da kunne".

Mai Koyar da Jita:
Shi ke nan. Asabar zan ce ratar sauti sau ɗaya, daga nan rata kawai, in ambaci intabal a farko. Take: horar da kunne. Sunan ta huɗu da ta biyar na ɗage zuwa darasi na uku, a ci gaba da kawo shawara.

Mai Son Ƙirƙira:
Allah Ya ba da sa'a, Malam. Ban gamsu ba, kuma ni ratamo zan ci gaba da rubutawa. In ka zo darasi na uku ka neme ni, ina da suna ga mai gurbi 6.