Neman kalmar Hausa: volunteer computing, me za mu kira shi?

1/ Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kalmar da nake so mu tsayar ita ce wannan abin da Turawa ke kira volunteer computing, wato ka bar kwamfutarka ko na'urar gem ɗinka ta yi wa masu binciken magani lissafi a lokacin da ba ka aiki da ita, ba tare da an biya ka ko sisi ba. Ni dai na tsaya a kan "gayyar kwamfuta", amma bari in fara da yadda abin yake tukunna, don ba a raɗa wa yaro suna ba a gan shi ba.

2/ A jikinmu akwai furotin iri-iri, kowanne kamar dogon zare ne da sai ya naɗe ya ɗauki wata siffa kafin ya yi aikinsa, in ya naɗe ba daidai ba shi ne ake samun matsala, ana danganta hakan da cutar mantuwa ta Alzheimer da Parkinson da Huntington. To kwaikwayon wannan naɗewar a kwamfuta lissafi ne mai bala'in yawa, kwamfuta ɗaya sai ta yi shekaru tana fama ba ta je ko'ina ba. Shi ne a 2000 Vijay Pande na jami'ar Stanford a Amurka ya fito da Folding@home, a yanka aikin ƙanana ƙanana a tura wa mutane ta intanet, kowa na'urarsa ta yi nata kason ta mayar, su kuma can su harhaɗa.

3/ Inda abin ya fi burge ni shi ne maganar PS3. A Maris 2007 Sony ta saka manhajar a PlayStation 3, yaro ya gama buga ƙwallonsa ya ajiye hannun gem ya bar ta a kunne, ita kuma ta ci gaba da lissafin furotin har gari ya waye. A shekarar aikin ya haura petaflop 1, lissafi miliyan sau biliyan kenan a daƙiƙa ɗaya, har Guinness ta saka shi a kundinta. Kafin Sony ta rufe shirin a 2012 sama da mutum miliyan 15 sun shiga ta PS3 kaɗai. Sai lokacin korona a 2020 mutane na kulle a gida suka yi ta shiga har ƙarfin ya wuce exaflop 2, wato petaflop dubu biyu, ya fi duk wata babbar kwamfuta da ake da ita a duniya a lokacin. Wlh duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, kwamfutocin ɗaki da na falo ne fa suka yi wannan.

4/ To suna. An kawo min shawarwari, na gode. Wata 'yar uwa ta ce "sadakar kwamfuta". Hajiya niyyar ta yi daidai, kuma wanda ya yi don Allah ina kyautata zaton ba zai rasa lada ba, amma in ka ce wa mutum na yi sadakar kwamfuta abin da zai ji shi ne ka ɗauki laftof ɗinka ka miƙa wa wani. Nan kuwa tana kan teburinka ba ta je ko'ina ba. "Aron kwamfuta" ma matsalarsu ɗaya. "Karo-karo" ya kusa, sai dai kunnen Bahaushe na jin sa sai ya tafi wajen kuɗi, a ce nawa nawa za a bayar. Wani kuma ya ce "taron dangi", tunda an taru a kan cuta ɗaya, gsky ya yi daɗin faɗa amma taron dangi duka ne da rubdugu, ba zan so a ce likitoci na neman taron dangi ba.

5/ Gayya kuwa duba ku gani. Mai gona aiki ya fi ƙarfinsa, ya sanar, kowa ya zo da fartanyarsa daga gida, kowa ya kama nasa layin, ba a biyan kowa, an gama kowa ya saɓa abarsa ya koma. Kayan aikin naka ne, ƙarfin naka ne, gonar ce ba taka ba. Har ɗan gasar nan da ake yi a gayya makaɗa na zuga samari a ga wa zai riga fita, akwai ta a nan, domin Folding@home na ba da maki kuma mutane na kafa ƙungiya-ƙungiya suna rige-rigen wa ya fi. Folding@home ba ta biyan kuɗi a kan makin, suna ne kawai.

6/ Malam ɗaya ya yi min gyara mai ƙarfi, ya ce gayya sai an haɗu a wuri ɗaya kuma ana ramawa, yau gonata gobe taka. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, maganar haɗuwa na yarda an ɗan ja kalmar, gonar ce ɗaya mutanen na warwatse. Amma ramawa ai tana nan. World Community Grid, wata irin wannan gayyar da kamfanin IBM ya kafa a 2004, ta yi aikin neman maganin zazzaɓin cizon sauro, ta yi na Ebola, ta yi na tarin fuka, cututtukan da ke addabar mu, kuma mutanen da ba su taɓa taka Afirka ba suka bar kwamfutocinsu suna yi. Gayya ce aka yi mana ba mu ma sani ba.

7/ Wani dalilin da ya sa nake son a yi saurin tsayar da suna, samarinmu da sun ji an ce na'ura na aiki da kanta sai su ce mainin ne, yaushe za a fashe. Ba a fashewa a nan. In an ce gayya kowa ya san ba a zuwa da aljihu a buɗe.

Kuma a faɗi gaskiya, kyauta ce amma tana cin wuta, na'urar na ɗaukar zafi, fanka na ta juyawa. Wanda ke tayar da janareta da man da ya saya da tsada ba zan ce masa ya shiga ba. Mai sola da batirinsa ke cika tun kafin azahar, ko ɗakin kwamfuta na makaranta da ke zaune ba kowa, su ne maganar ta fi shafa. Akwai ma manhajar shiga irin wannan gayya mai suna BOINC ta jami'ar Berkeley da ke aiki a wayar Android, ana iya saita ta sai waya na caji kawai take yi.

8/ Ga yadda nake ganin za mu riƙa faɗa: "na sa kwamfutata a gayya", "'yan gayya sun ƙaru", "kason da aka turo min ya ƙare". Amma a kula, in kamfani ne ya raba aiki tsakanin injinansa da ya saya, wannan ba gayya ba ce, rarraba lissafi ne kawai, kar mu haɗa su. Abin da ya rage shi ne lokacin da na'ura ke kunne ba ta komai, ni ina cewa "rarar ƙarfi", wasu na cewa "lokacin hutun na'ura". 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi ku ma ku faɗa mana wanne ya fi zama a bakinku.