Tambaya: mu bakwai muna son zagaya Tafkin Kivu a keke, wa ya taɓa zuwa Ruwanda?

Feda_Kano

Salamu alaikum jama'a. Mu bakwai ne muke fita da kekuna duk Lahadi bayan asuba, yawanci Kano zuwa Wudil mu dawo, kuma shekara biyu kenan muna adashe don mu yi tafiya ɗaya a wata ƙasa. Tun da muka kalli gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Kigali a Satumba 2025 hankalinmu ya koma Ruwanda. Hanyar da ake kira Congo Nile Trail muke so, daga Rubavu zuwa Rusizi ta bakin Tafkin Kivu, kilomita 227, an ce kwana biyar ake yi a keke. Mu da muke yin 80 kafin ƙarfe goma na safe sai muka ga kamar kwana uku ma ya ishe mu. Amma akwai babban yayanmu a ciki, ya haura hamsin da biyar, shi ya haɗa mu tun farko kuma ba za mu tafi mu bar shi ba. Dan Allah wanda ya san wajen ya ba mu shawara: wane wata, mu ɗau kekunanmu ko mu yi haya, ya batun abinci da sallah?

Ɗan_Tudu

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka cire zancen kwana uku a ranka tun yanzu. Na bi rabin hanyar, Rubavu zuwa Karongi, mu biyar, kuma wallahi kilomita 40 na can ya fi Wudil zuwa da dawowa cin jiki. Ba a banza ake ce wa Ruwanda ƙasar tuddai dubu ba, babu wani waje shimfiɗaɗɗe da za ka huta kana tuƙi, kana gama gangarowa bakin ruwa sai ka ga hanya ta sake miƙewa sama cikin gonakin ayaba da kofi, wani wajen burji ne da tsakuwa, wani wajen jar ƙasa mai santsi, in ka miƙe tsaye a kan feda tayar baya ta dinga zamewa dole ka zauna ka daure. Kuma shi kansa tafkin yana sama da mita 1,400 daga teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, don haka kwana biyun farko za ka ji numfashinka ba ya cika.

Ku daina lissafi da kilomita, ku tambayi jagoranku mita nawa za a hau a kowace rana. Lambar da ta kamata ta dame ku kenan.

Batun yayanku kuwa shi ne ya fi taɓa ni, don mu kuskuren da muka yi kenan. Rana ta biyu masu ƙarfi suka wuce gaba, aka bar mutum ɗaya a baya yana tura keke shi kaɗai, yara sun kewaye shi, babu mai jin yarensa, ya iso masauki bayan magariba bai ce wa kowa komai ba, kuma har muka dawo gida tafiyar ba ta ƙara yi masa daɗi ba. Har yau abin yana damuna. Ku yi doka tun daga gida cewa a kan kowane tudu ana jiran na ƙarshe, kuma in ya iso a ba shi lokacinsa ya sha ruwa, ba wai yana isowa ku haye ba. Ku ɗau mota mai bin ku da kaya, duk wanda ya gaji ya shiga babu kunya. Akwai kuma jiragen ruwa a tafkin da za su iya tsallakar da mutum da kekensa.

Lokaci: Yuni zuwa tsakiyar Satumba, rani ne. Kar ku kuskura Maris zuwa Mayu, damina ce mai ƙarfi, taɓo zai cika muku sarƙa.

Maman_Ilham

Sannunku da ƙoƙari. Ni ban iya keke ba amma mun zauna a Kigali shekara uku da maigidana. In kun sauka ku nemi masauki a Nyamirambo, unguwar Musulmi ce sosai, ga masallatai ga gidajen abinci na halal, kuma a nan ne wannan hawan duwatsun da ake kira bangon Kigali yake, wanda kuka gani a gasar. Amma da kun fita ƙauyukan bakin tafki Musulmi ba su da yawa, sai ku riƙe dardumarku da abin duba alƙibla, ku matafiya ne akwai ƙasaru. Nama ku kiyaye, in kun ji an ce akabenzi to naman alade ne. Ku tsaya a kan kifi, akwai ƙananan da ake soyawa sambaza, ga wake, dankali, ayaba dafaffiya da isombe wato miyar ganyen rogo. Ku tafi da yajinku da kilishi, za ku gode min.

Abu biyu kuma. An haramta leda a ƙasar tun 2008, kar ku ƙunsa kaya a ciki. Sannan Asabar ɗin ƙarshen wata da safe ana aikin gayya da suke kira umuganda, shaguna a rufe motoci ba sa yawo sai wajen rana, kar ku sa tafiyar mota a lokacin. Ɗan Afirka ba ya biyan kuɗin biza na kwana 30, amma ku riƙe katin rigakafin cutar shawara. Ku koyi muraho da murakoze, gaisuwa da godiya kenan, suna jin daɗinsa ƙwarai.

Bakanike_Jos

Ni inda zan sa baki shi ne keke. In naku masu siririyar taya ne na kwalta ku bar su a gida, ba za su yi ba. Ana son mai kaurin taya da giya mai laushi sosai, da birki mai kamawa, don gangara ta fi hawa haɗari, mutum ya gaji hannu ya mutu ga lanƙwasa ga 'yan keken haya ɗauke da buhuna. Kowa da hular kwano. Ku tafi da tib biyu-biyu, faci, famfo, robar birki da abin haɗa sarƙa. Kuma kafin ku sayi tikiti ku zo Jos ku yi kwana uku a jere kuna hawa, in da hali ma ku je Mambila. A nan za ku san gaskiyar ƙafar kowa.

Ɗan_Tudu

Malam Bakanike na yarda da kai, sai dai ni haya nake ba da shawara. Na kai nawa a kwali, wani kamfanin jirgi ya lanƙwasa min abin canza giya na baya, na ɓata yini guda ina neman gyara. Akwai masu ba da haya a Musanze da Rubavu. Sirdi da feda kawai mutum ya cire nasa ya tafi da su, jiki ya riga ya saba da su. Na manta ban faɗa ba, Rubavu tana manne da Goma ta Kwango, wadda 'yan tawayen M23 suka kama a Janairu 2025, don haka ku bi labarai sosai kafin ku tsayar da rana, kuma kar kowa ya ce zai leƙa tsallaken iyaka.

Feda_Kano

Allah ya saka da alheri, Hajiya mun gode da batun naman nan musamman. Na karanta wa Yaya duka a waya, ya ce a mayar da shi kwana shida, Rubavu zuwa Karongi kawai, sauran mu bar shi sai wata shekara in Allah ya kai mu. Malam Bakanike za mu shigo Jos bayan sallah insha Allah, wace hanya za mu fara hawa?