Wai wauta Prasher ya yi da ya raba abin da ya gano?

Nura: Salam jama'a. Ina da magana kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Ni dai na yanke hukunci, duk wanda ya ɗauki abin da ya sha wahala ya gano ya miƙa wa wani kafin ya ci moriyarsa to wauta ya yi, ba wani taimakon ilimi. Hujjata Douglas Prasher. Mutumin nan shi ya fara ciro ƙwayar gadon furotin ɗin nan mai kyallin kore da ake kira GFP daga jikin wata halittar teku mai suna jelifish, ya wallafa a 1992, Martin Chalfie da Roger Tsien suka roƙe shi ya aika musu kyauta. A 2008 aka ba su Nobel na kemistiri tare da Osamu Shimomura wanda ya fara gano furotin ɗin, shi kuma Prasher a lokacin direba ne yana kai kwastomomi gida a wani wurin sayar da motocin Toyota a Huntsville, Alabama. Kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi kenan.

Ɗan Maraɗi: To fa. Tukuna dai, mu da ba mu yi kimiyya ba a fahimtar da mu, shi wannan abu rini ne irin na Ƙofar Mata ko mene ne da har ake ba da Nobel a kansa?

Anti Bilki: Hhh ba rini ba ne ƙanena, amma tambayarka ta yi. Bari in ba ka misali da aikina. In aka kawo kakin wanda ake zargin yana da tarin fuka, shafa shi muke a gilashi mu busar mu gasa kaɗan, sannan mu zuba wani rini mai suna oramin, mu wanke, mu bi da wani sinadari mai suna famanganet don bayan ya yi duhu. In ka leƙa a maikiroskop mai fitilar bulu sai ka ga ƙwayoyin cutar kamar 'yan guntayen zare rawaya-kore suna haske a cikin baƙi, wlh ranar farko da na gani sai da na kira abokiyar aikina ta zo ta gani. Ya fi tsohuwar hanyar jan rini sauri nesa ba kusa ba, shi ya sa hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawarar komawa irinsa a 2011. Amma duk abin da ke kan gilashin nan ka riga ka tsayar da shi, hoto ne kawai, kuma in ka bar shi ya kwana biyu hasken ya dusashe. Shi GFP ba zuba shi ake ba, ƙwayar halittar ce da kanta take ƙera shi tana raye, sai ka zauna kana kallon inda abu ke tafiya a cikinta kamar ka ɗaura wa akuya ƙararrawa.

Ɗan Maraɗi: Yauwa yanzu na gane. To Nura na da gaskiya kenan, an ci amanar bawan Allah.

Dakta Sa'a: A'a ku dakata. Nura ka ba da rabin labari ka ɓoye rabi. Prasher ya samu tallafin dala 200,000 na shekara biyu a 1988 daga wata ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta Amurka, da shi ya yi aikin, kuɗin suka ƙare, bai samu wani ba. Kuma abin da ke hannunsa bai yi haske ba a wajen jelifish ɗin. Mutane da yawa lokacin sun ɗauka sai da wani sinadari na jikin halittar kafin ya yi kore. A ɗakin gwajin Chalfie a jami'ar Kolombiya ne aka datse ragowar da ke gefe da gefen ƙwayar gadon aka bar tsantsarta, wata ɗaliba Ghia Euskirchen ta sa a bakteriya, ta duba ta ga kore. Daga nan suka sa a jijiyoyin wata 'yar tsutsa, ya fito a bangon mujallar Science a 1994. Ka je ka duba sunayen marubutan takardar, Prasher na ciki. Ba wanda ya sace masa komai.

Nura: Dakta da girmamawa, suna a takarda ai ba ya biyan kuɗin haya. Kurona miliyan 10, kuɗin ƙasar Sweden, aka raba wa masu Nobel ɗin a shekarar.

Dakta Sa'a: To da ya ƙi bayarwa ya kulle a firiza, me zai same shi? Aikin ma ya riga ya bari ya koma ma'aikatar gona. Ka manta kuma ya wallafa jerin ƙwayar gadon, duk mai kayan aiki zai iya sake ciro ta, ga wasu masu bincike Inouye da Tsuji nan su ma sun sa ta yi haske a bakteriya a 1994 ɗin. Da ya hana, da abin da zai faru shi ne wani ya yi ba tare da shi ba, ko sunan ma ya rasa. Abin da ya kayar da Prasher rashin mai ba shi kuɗi ne ba kyautarsa ba, kada ka haɗa biyun.

Anti Bilki: Ni kam a tsakiya nake. Ban yarda wauta ya yi ba amma na yarda an ƙware shi, kuma dokar Nobel ɗin ce matsalar, wai ba a wuce mutum uku. Aikin da hannu goma suka yi ka ce uku kawai. Chalfie da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida cewa da an ba Prasher an bar shi da ba a yi laifi ba, kuma shi da Tsien ne suka biya masa kuɗin jirgi da masauki ya je Sitokhom bikin.

Ɗan Maraɗi: Kai, a gayyace ka kallon rabon gadon gidanku 😂

Dakta Sa'a: To wa za a cire Anti? Shimomura? Mutumin da daga 1961 ya riƙa zuwa Friday Harbor a jihar Washinton da bazara yana kamo jelifish ɗaya-ɗaya da raga ana yanke gefensu da almakashi, wajen 850,000 a zuwa 19, da matarsa da 'ya'yansa ake aikin. Ko Tsien da ya canja amino asid, wato tubalin da ake gina furotin da shi, guda ɗaya a matsayi na 65 hasken ya ƙaru ya daina saurin mutuwa, sannan ya fitar da launuka kala-kala? Shi tun kafin GFP ma ya ƙera rinin auna kalsiyam a cikin ƙwayar halitta da ake amfani da shi har yau. In ma jerin waɗanda aka bari ne, ɗalibar da ta fara ganin koren fa, da 'yan Rasha da suka samo ja daga murjanin teku a 1999?

Baba Habu: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, ku yi haƙuri rubutun waya na ba ni wuya. Nura ɗana, ni shekaruna na aiki a kan ma'aunin ruwan sama suka ƙare. Kowace safiya a lokaci guda zan fita, in cire mazurarin, in juye abin da ya taru a gilashin awo, in durƙusa in daidaita idona da bakin ruwan don kada in ƙara ko in rage, in rubuta a littafi. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai ka je ka rubuta babu, har ranar Sallah, don shafin da aka bari fari ba wanda zai san ruwa ne bai zo ba ko kai ne ba ka zo ba. Ban taɓa ganin sunana a takardar kowa ba. Amma duk maganar da ake yi yau ta farin shekarun 1970 da 1980 a Sahel, da irin littattafan nan namu aka san girmanta. Hadarin da zai sauka Kano yau daga gabas yake tasowa, in mutanen Chadi suka riƙe awonsu suka ce nasu ne, da me za ka yi hasashe? Shi ya sa hukumar yanayi ta duniya ta tsayar a 1995 cewa muhimman bayanai a riƙa musayarsu kyauta.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne Baba, mu ma nan cibiyar AGRHYMET ta Yamai mai nazarin yanayi da noma da awon ƙasashe da yawa take aiki, tun 1974 take.

Nura: Allah ya ƙara girma Baba, amma ai maganata ka ƙarfafa. Kai ka sha rana, a 2021 Manabe da Hasselmann suka karɓi Nobel a kan lissafin yanayi.

Baba Habu: Ni albashi aka ɗauke ni a biya ni kuma an biya, ban ce an cuce ni ba, fanshon ne dai sai a hankali. Lissafin da suka yi ni ba zan iya ba. Kai dai faɗa mana abin da ke cinka, wannan zafin ba na Bature ba ne.

Anti Bilki: Hhh Baba ya kama ka.

Nura: To shikenan. Wata takwas ina auna kyallin rinin da nake tatsa daga gangamau a ruwaye daban-daban, wani lokaci in jira wuta har dare, wani lokaci in sayi man janareta da kuɗina. Yanzu wani babba a wata makaranta ya turo wai in aika masa duka teburan awon ya "duba". Kuma an taɓa yi min, ina aji huɗu na ba wani sakamakona, bayan shekara na ga takarda ta fito da lambobina ko a godiya babu ni.

Dakta Sa'a: Ai da ka fara da wannan da ba mu je har Alabama ba. Naka daban na Prasher daban. Shi ya wallafa tukuna sannan ya raba, kuma bayan wallafa dama ƙa'ida ce ka bayar in an nema. Kai ba ka wallafa ba, ba ka ma kare digirin ba, ba wanda zai ce dole. Kada ka tura komai sai malamin da ke duba aikinka ya sani, kuma a rubuce ta imel a faɗi me zai yi da shi da inda sunanka zai zauna. Littafin lab ɗinka kowane shafi da kwanan wata ko?

Nura: Wasu shafukan babu gsky.

Baba Habu: Subhanallah. Awo babu kwanan wata ai ba awo ba ne ɗana.

Anti Bilki: Baba ka bar shi haka ya ji kunya 😅 Ni tambayata, shi Prasher ya ƙare a tuƙin ne?

Dakta Sa'a: A'a, Tsien ya ɗauke shi aiki a ɗakin gwajinsa a San Diyego a 2012, ya yi kamar shekara uku a can. Tsien ya rasu 2016.

Nura: Shekara 20 bayan kyautar da ya yi musu kenan kafin ta dawo masa, kuma a matsayin ma'aikacin wanda ya ba. Ni har yanzu ban sauka daga maganata ba duka, rabi dai na sauka.

Dakta Sa'a: Riƙe rabin. Turo min saƙon mutumin nan ta gefe in ga yadda ya rubuta, kuma gobe ka zo ofis da littafin, akwai kwanakin da za mu iya cirowa daga fayilolin na'urar.

Nura: To Dakta, bayan azahar in sha Allah. Caji na ya kusa ƙarewa.