Pu-erh mai shekara 20 yana warin danshi: ya lalace ne ko haka yake?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana shayi. Faifan pu-erh ne, wato shayin ƙasar Sin da ake matsewa kamar faifai a ajiye shekaru, ɗanyensa wanda Sinawa ke kira sheng, giram 357, an buga 7542 a takardarsa, kuma an ce na 2004 ne. Busasshen ganyen yana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, jiƙon farko kuma ya fito ja mai duhu, da ɗanɗanon ƙasa. Ta yaya ake bambance ƙamshin tsufa da warin lalacewa?

Mai_Buta:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yanke masa hukunci a rana ɗaya. Sa tsinke ta gefen faifan ka ɓamɓaro kamar giram 40, kana ɗagawa a hankali don kada ganyen ya marmashe, saboda garin ganye ne ke kawo ɗaci da gurɓata ruwa. Zuba shi a tulun ƙasa ko jakar takarda ya sha iska sati biyu, nesa da turare da kicin.

Sannan ka auna giram 7 a gaiwan mai cin mililita 100, wato ɗan kwanon tangaran mai murfi. Tangaran ya fi dacewa da gwaji, don butar ƙasa tana shanye wari, sai ta ɓoye maka aibin. Ruwa ya kasance yana tafasa sosai. Wanke ganyen sau biyu, daƙiƙa 5 zuwa 10, ka zubar, ka rufe ya huta minti biyar ya buɗe. Jiƙon farko daƙiƙa 10, kana ƙara 5 a kowane zagaye.

Idan warin ajiya ne kawai, zuwa jiƙo na uku ko na huɗu zai kau, ƙamshin tsohon itace da kafur ya fito, ruwan ya yi kauri a baki, zaƙi kuma ya dawo maƙogwaro bayan ka haɗiye. Wannan zaƙin Sinawa suke kira huigan, kuma shi ne abin nema. Amma in har jiƙo na shida warin yana nan, harshe yana tsikari, maƙogwaro yana bushewa kamar an shaƙe shi, to danshi ya riga ya ci ganyen.

Uwar_Gida:
Lambar 7542 ba shekarar faifan ba ce. 75 tana nufin an tsara haɗin a 1975, 4 matakin ganye ne, 2 kuma alamar masana'antar Menghai da ke lardin Yunnan. Ana ta buga wannan haɗin tun daga lokacin, kuma takarda ba ta da wuyar kwaikwayo. Inda aka ajiye shi ya fi shekarun tasiri: shekara 20 a busasshiyar iskar Kunming, babban birnin Yunnan, ruwan zai fito ruwan lemo da sauran bauri, a laimar Hong Kong ko Guangdong kuwa zai yi ja mai duhu kamar naka.

Sabon_Shiga:
Na gode, Hajiya. To in shou ne, wato pu-erh da ake gaggauta tsufansa, aka naɗe a takardar sheng fa?

Tsohon_Hannu:
Ganyen da ka gama jiƙawa ne zai faɗa maka, ɗan'uwa. Shou, wanda aka soma yi a Kunming a 1973, tara ganyen ake yi a yayyafa masa ruwa a lulluɓe na wasu makonni, shi ya sa yake fitowa baƙi ƙirin, kuma sabonsa yakan yi ƙarni. Tsohon sheng kuwa launin ƙasa-ƙasa ne, in ka ja shi yana miƙewa bai tsinke ba. In ka murza ya dame kamar laka, ko ka ga wani baƙi wani kore a haɗe, ajiyar ta yi danshi fiye da kima.

Duba tsakiyar faifan ma, ba samansa kaɗai ba. Ɗan fari-fari kamar ƙura ana samunsa a ajiyar laima, amma funfuna kore, baƙa ko mai gashi, wannan ba na sha ba ne, wanki ba ya gyara shi. Ka kuma raba shi da sauran faifanka tun yanzu, don wari yana naso.