Me za mu kira asibitin metadon da Hausa?

'Yan'uwa, ga wani abu da ke yawo babu suna. Masu fassara labaran lafiya sun sha cin karo da shi, kowa kuma yana raɗa masa abin da ya zo bakinsa: wurin da Turawa ke kira methadone clinic, da irin jinyar da ake yi a cikinsa. Na ga an rubuta "gidan gyaran hali", na ga "cibiyar raba mutane da shaye-shaye", har da wanda ya ce "asibitin mahaukata". Uwar da ƙwaya ta kama ɗanta, in ta tsaya gaban ma'aikacin asibiti, da wace kalma za ta yi tambaya a gane abin da take nema? Ita nake so mu samo wa kalma.

Mu fara sanin abin kafin mu sa masa suna. Metadon magani ne da aka haɗa a Jamus a ƙarshen shekarun 1930, da farko don kashe zafin ciwo. A tsakiyar shekarun 1960 wasu likitoci biyu a birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna cewa in ana ba wanda ƙwayar hiroyin ta kama shi kullum, yana iya komawa aikinsa da iyalinsa. Shi ma metadon ɗin dangin ofiyom ne, wato magunguna masu kashe zafin ciwo da ke iya kama mutum, uwarsu ɗaya da hiroyin da mofin da kodin da fentanil. Bambancinsa shi ne jinkiri. Hiroyin takan hau kai nan take, ta sauka bayan 'yan awoyi, sai jiki ya fara kuka: hamma, hawaye, majina, gumi, tsigar jiki na tashi, gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗawa, ga gudawa, ga rashin barci. Metadon kuwa a hankali yake shiga, ya zauna a jiki yini da kwana. In an daidaita ma'auninsa, mutum ba ya buguwa, kuma wancan kukan jiki ba ya zuwa. A shekarar 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi, tare da ɗan'uwansa bufrenofin, cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba.

Wurin kansa ba abin mamaki ba ne. Taga ce da layi. Mutum ya zo da safe, a duba katinsa, ma'aikaciyar jinya ta auna masa ruwan maganin a ɗan kofi, ya shanye a gabanta, wani lokaci ta sa shi ya yi magana don ta tabbata bai ajiye a kumatu ba, ya wuce wurin aikinsa. Ba kwanciya, ba ɗauri, ba kulle ƙofa. Wanda ya daɗe yana zuwa lafiya, a wasu ƙasashen akan ba shi na 'yan kwanaki ya tafi da shi gida.

Wannan kaɗai ya isa ya kayar da "gidan gyaran hali". Sunan ma yana da mai shi, don yanzu da shi ake kiran kurkuku. "Asibitin mahaukata" kuwa, ko a wurin masu taɓin hankalin ma suna ne da ya kamata mu daina, balle a nan.

Cikin sunayen da 'yan'uwa suka ba da shawarar a sa wa jinyar, wani malami ya kawo "maganin maye gurbi", wani kuma "maganin madadi". Malam, na gane inda ka dosa, Turawan ma sun daɗe suna kiransa da kalmar da ke nufin haka. Sai dai da yawa daga cikinsu sun fara janye jiki daga gare ta, saboda abin da take jawowa. Ka faɗa wa mahaifi cewa za a ba ɗansa madadin ƙwaya, ka san amsar da zai ba ka: ashe ƙwaya za a musanya da ƙwaya, to ina amfanin? Daga nan zance ya mutu. Ga shi kuwa bincike mai yawa, a ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa haɗarin mutuwa yakan ragu da kusan rabi muddin mutum yana kan wannan jinya, ga raguwar yaɗa cutar HIV da ciwon hanta ta hanyar allura. Kalmar da za ta sa a juya wa wannan baya tun daga bakin ƙofa ba ta yi mana aiki ba, ko da fassarar daidai take.

Wadda ta fi jan hankalin mutane ita ce "yaye". Wata 'yar'uwa ce ta kawo ta: asibitin yaye, maganin yaye. Hajiya, wallahi kalmar ta yi daɗi a baki, babu zagi a cikinta, kuma kowa zai gane ta ba sai an yi bayani ba. Amma ki duba abin da take ɗauke da shi. Yaye yana da rana. Ana yaye yaro ne a gama, wanda kuma ya wuce lokaci bai bar nono ba sai a fara yi masa dariya. In muka ce asibitin yaye, dangi za su fara ƙirga kwanaki, wata uku su ce har yanzu ba a yaye shi ba? Nan ne haɗarin yake. Wanda aka janye wa magani da gaggawa, jikinsa yakan manta ƙarfin da ya saba ɗauka. In ya koma ya sha gwargwadon abin da yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Shi ya sa makonnin farko bayan fita daga kurkuku, ko bayan barin jinya, suke cikin lokutan da aka fi mutuwa. Jinyar metadon kan ɗauki shekaru, wasu ma har ƙarshen rayuwa, kamar mai hawan jini da maganinsa. Ba wanda ke tambayar mai hawan jini yaushe za a yaye shi.

Ban ce a yar da kalmar ba. Akwai matakin da ake rage ma'auni kaɗan-kaɗan, bayan mutum ya zauna da gindinsa, shi da likitansa sun yarda lokaci ya yi. Wannan matakin shi ne yaye, kuma ban san kalmar da ta fi ta dacewa da shi ba. A bar ta a nan.

Ita kuwa jinyar yau da kullum, abin da nake ba da shawara shi ne "jinyar riƙo". Maganin yana riƙe jiki kada ya zube, asibitin yana riƙe da mutum kada ya ɓace, kuma Bahaushe ya san riƙo a matsayin kula, yadda ake cewa wance ce ta riƙe shi. Wani ya ce kunne zai tafi ga "riƙon ƙwarya", a ɗauka na wucin gadi ne. Ɗan'uwa, ƙwaryar ce ke kawo wannan ma'ana, riƙo shi kaɗai bai da wa'adi. An kuma kawo "jinyar daidaito". Ba laifi, ma'anarta ta fito, sai dai tana da ƙamshin takardar ofis, ban jin tsohuwa za ta faɗe ta.

Sunan maganin ba ya bukatar wahala: metadon, a rubuta shi yadda ake furtawa. Roƙona ɗaya, kada a gutsure shi. Akwai wata ƙwayar daban, metamfetamin, da sunanta ya fara kamar nasa, ita kuwa mai tayar da jijiyoyi ce, ba ta da dangantaka da shi ko kaɗan. Metadon ba ya maganin wanda ita ta kama, haka wiwi, haka hodar iblis. Dangin ofiyom kawai yake yi wa aiki. Ko a cikinsu ma ba kowa ake ɗora wa ba. Mai shan tramadol ko kodin, likita ne zai duba yawan abin da yake sha da daɗewarsa, wataƙila bufrenofin ya fi masa, wataƙila ragewa a hankali ta wadatar. Tramadol ma yana da nasa halin, yana iya jawo farfaɗiya.

Wurin kuma, bayan duk wannan zagaye, ina ganin "asibitin metadon" ya fi komai. Na san wasu za su ce ba mu ƙirƙiri komai ba ke nan. To, ai kalmar da mai nema zai faɗa a gane shi ita ake so, kuma sunan maganin shi ne abin da kowane likita da mai harhaɗa magani ya sani, a kowace ƙasa. Tsarin ma ba ɗaya ba ne ko'ina, shi ya sa suna mai faɗi ya fi. A Amurka, metadon na wannan jinya sai a cibiyoyin da aka yi wa rajista musamman, bufrenofin kuwa likitan da ake gani yau da kullum na iya rubutawa. A Ingila yawanci a kantin magani ake sha, gaban mai kantin. Faransa ta fi dogara da bufrenofin tun 1996. Rasha ta haramta jinyar gaba ɗaya. A Afirka, Tanzaniya ta buɗe nata a asibitin Muhimbili na Darussalam a 2011, Kenya ta biyo baya a asibitin Mathari na Nairobi a 2014, Senegal ma tana da cibiya a asibitin Fann na Dakar. Inda babu allo mai ɗauke da sunan, wuraren da aka fi samun bakin zaren su ne sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibiti, da sashen masu kula da HIV, da ƙungiyoyin da ke aiki da masu allurar ƙwaya.

Wani likita ya ja hankalina kan kalmar cutar kanta, kuma ya yi gaskiya. "Jaraba" tana da yatsa a cikinta, daga ita sai "jarababbe". "Sabo" ta fi taushi, amma a rubutun waya, inda mutane ba sa sa ƙugiya, sabo da saɓo kamanninsu ɗaya, ka ga mun koma gidan jiya. Likita, ni dai na fi son yadda mutane ke faɗa da kansu: ƙwaya ta kama shi. Kamu ke nan, kamar yadda zazzaɓi ke kama mutum.

Gargaɗi ga duk wanda zai yi amfani da waɗannan kalmomi a rubutu ko a rediyo: kada daɗin sunan ya sa a ɗauka magani ne na saye a sha. Metadon yana taruwa a jiki, shi ya sa ake farawa da kaɗan, galibi bai wuce miligiram 30 a ranar farko ba, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Makonni biyun farko su ne mafi haɗari. Haɗa shi da giya ko da maganin barci irin diazefam na iya tsayar da numfashi, kuma abin da babba ke sha a rana ɗaya ya isa ya kashe yaro.

Inda muka tsaya ke nan: metadon, asibitin metadon, jinyar riƙo, sai yaye ga matakin ragewa. Saura naloksan, wanda ake fesawa a hanci ko a yi allurarsa ga wanda ƙwayar dangin ofiyom ta yi wa yawa numfashinsa ya fara ɗaukewa. An kawo "maganin farfaɗowa", an kawo "makari". Ni makari ya fi kwanta mini, don aikinsa ke nan, karya ƙarfin ƙwayar na ɗan lokaci kafin a kai mutum asibiti. Ma'aikatan jinya da ke cikinmu, ku ne kuke riƙe shi a hannu, wanne ya fi sauƙin faɗa cikin gaggawa?